Na Tafi Karatun Halayyar Ɗan Adam, Na Tarar da Lissafi

Ranar da na je yi wa Hajiya sallama na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Kakata ce ta wajen uba, kuma ita ta riƙe ni tun daga yaye. Ta ce, "Wai ke me za ki karanto ne a can da babu shi a nan?" Na ce, "Ilimin halayyar ɗan Adam, Hajiya." Ta ɗago kai ta leƙo ni ta saman tabarau. "Halin mutum? Shi ne sai an hau jirgi? Ki je gidan biki ki kwana uku, ko ki tsaya inda ake rabon gado, da digirinki za ki dawo."

Baba kuwa a majalisarsu cewa yake yi likitar ƙwaƙwalwa zan zama. Ƙawayena suna tsokanata wai kada in dawo in riƙa karanta musu zuciya. Babu wanda ya canka a cikinsu, har ni kaina da nake ta ɗaure akwati.

Abin da ya kai ni ga wannan fanni wata 'yar uwarmu ce. Ta haihu lafiya, an yi suna, ana cikin wankan jego sai ta ɗauke wuta. Ba ta magana, ba ta ci sai an matsa, jaririyar na kuka tana kallon bango. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, aka ce kishi ne. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Sai da aka shafe wata uku kafin wani kawunmu ya dage a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Can aka ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, sananne ne, yana da magani. Aka haɗa addu'a da asibiti, ta warke. Ina shekara goma sha shida a lokacin, kuma tambayar da ta tsaya min a rai ita ce: a gida mai mata fiye da goma, yaya aka yi babu wadda ta san sunan wannan ciwo?

Da na gama sakandare na samu gurbi a wata jami'a ta arewa, sashen nazarin zamantakewa. Ban ko gama zangon farko ba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai tsakiyar Oktoba. Wata takwas ina gida ina wanke-wanke. A cikin watannin nan ne Baba ya ce in nemi makaranta a Ingila, zai sayar da filinsa in ta kama.

Mun fara da ajan, kamar kowa. Ofis ne mai sanyi a Abuja, bango cike da tutocin ƙasashe. Mutumin ya ce ba zai karɓi ko sisi a hannunmu ba, Baba ya yi ta sa masa albarka. Daga baya na gane jami'o'in ne ke biyan irinsu la'ada a kan kowane ɗalibi, don haka inda la'ada ta fi tsoka nan yake tura mutum. Ya zaɓa min wani kwas mai dogon suna, da kalmar saikoloji a ciki, ya ce a sati biyu takarda za ta fito. Allah ya taimake ni da wata yayar ƙawata da ke karatu a Manchester. Tambaya ɗaya ta yi min a waya: "Kwas ɗin yana da amincewar BPS?" Na ce mene ne BPS?

Ita ce ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, tun 1901 take. Ita ke duba manhajar kowace jami'a ta ce wannan digiri ya cika sharaɗi ko bai cika ba. Wanda ya yi digirin da ta amince da shi, ya fita da aƙalla daraja ta biyu ƙarama, ya kuma ci aikin bincikensa na shekarar ƙarshe, shi ne ƙofar horon ƙwarewa ke buɗe masa. Wanda ya yi wanda ba ta amince da shi ba, sai ya sake biyan kuɗin wata shekara ta cike giɓi kafin a saurare shi. Na shiga shafinsu na intanet na rubuta sunan kwas ɗin da ajan ya zaɓa min. Babu shi. Tun daga ranar na karɓi ragamar neman da hannuna, kuma ban sake komawa ofishin nan mai sanyi ba.

Ta UCAS ake neman digirin farko a Birtaniya. Kamar JAMB take, sai dai babu jarrabawa: fom ɗaya za ka cike, ka zaɓi kwasa-kwasai har biyar. A shekarar da na nema, 25 ga Janairun 2023 ce ranar da duk wanda ya shigar da takardunsa kafin ta dole a duba shi daidai da kowa. Ɗalibin waje yana iya nema har ƙarshen Yuni, amma sai abin da ya rage. Oxford da Cambridge kuwa tun 15 ga Oktoba suke rufewa. Kuɗin fom fam 27 ne kacal, amma ya tsayar da ni kwana huɗu, domin a lokacin katin naira ba ya biyan komai a waje. Yayar ƙawar tawa ce ta biya, muka tura wa mahaifiyarta naira.

Sai maganar WAEC. Na ɗauka sakamakona mai kyau zai kai ni aji ɗaya kai tsaye. Ba haka ba ne. Yawancin jami'o'in Ingila suna ɗaukar WAEC daidai da jarrabawar da yaransu ke yi suna shekara goma sha shida, alhali su sai sun ƙara shekara biyu kafin jami'a. Don haka mai WAEC kaɗai sai ya yi shekarar share fage. Digirin shekara uku ya zama huɗu, kuɗin ma haka. Inda WAEC ta yi min rana shi ne Turanci: jami'o'i da dama suna karɓar C6 ko sama a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, sai su nemi lambar katin duba sakamako su tabbatar da kansu. Sun kuma nemi kiredit a lissafi. Na yi mamakin wannan, me ya haɗa halin mutum da lissafi? Ban daɗe ba na sha amsa.

Abin da ya fi cin raina shi ne takardar bayanin kai. Haruffa 4,000 aka ba ka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ka faɗi dalilin da ya sa kake son kwas ɗin da abin da ka yi da ke nuna da gaske kake. Yanzu sun raba ta zuwa tambayoyi uku, amma adadin haruffan yana nan. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai ga shi an ce zauna ka yabi kanka. Rubutuna na farko ya fito kamar takardar neman taimako, cike da "ina roƙo" da "in an yi min alfarma". Na biyu ya fito kamar na ɗan siyasa. A na biyar ne na bar ƙarya da kwalliya, na ba da labarin 'yar uwarmu ba tare da suna ba, na faɗi abin da na karanta bayan nan a kan ciwon, da watannin da na yi ina taimakawa a wata makarantar yara masu buƙata ta musamman lokacin yajin aiki. Masu rubuta wa mutane wannan takarda a biya su suna nan birjik. UCAS tana da manhajar da ke gwada kowace takarda da dubban da suka gabata, in ta ga kama sai ta sanar da jami'o'in da ka nema.

Jami'o'i uku suka ba ni gurbi. Na zaɓi ɗaya a yankin Yorkshire saboda haya ta fi ta Landan sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin makaranta kimanin fam 15,000 a shekara, suka ce a ba da kafin alƙalami na fam 4,000. Bayan nan aka yi min ganawa ta bidiyo: me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan jami'a, faɗi darussa uku da za ki ɗauka, wa zai biya, me za ki yi in kin gama. Duk wanda ajan ya yi wa komai, a nan yake tonuwa. Sai da na tsallake wannan aka ba ni CAS, lambar da jami'a ke bayarwa ta shaida wa hukumar shige da fice cewa ta ɗauke ka. Ba ta, ba biza.

A wajen biza ne muka ga tasku.

Doka ta ce ka nuna kana da ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zaman wata tara. A lokacin fam 1,023 ne kowane wata ga wanda ke wajen Landan, wato fam 9,207. Nawa duka ya kama fam 20,207. Kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu, kada su gaza ko na yini ɗaya. Baba ya sayar da filin, ya zuba kimanin naira miliyan 13 a farkon Yuni, har da rara, domin a farashin hukuma fam bai kai naira 600 ba. Muna ƙirga kwanaki kamar masu jiran wata. A tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin sati ya zagayo fam ya doshi naira 1,000. Su kuma masu biza da farashin ranar da ka shigar da takarda suke lissafi, ba na ranar da ka zuba kuɗi ba. Kuɗin da jiya suka isa har da canji, yau sun gaza da kusan miliyan bakwai.

Ba zan manta daren ba. Baba na zaune a falo da kalkuletar waya, yana dannawa yana gogewa, kamar in ya sake dannawa lambar za ta canza. Can ya ce, "Ki je ki kwanta." Washegari ya tafi wajen ƙaninsa. Kawu ya sayar da shanu huɗu da wata tsohuwar mota, aka cike, aka koma kwana na ɗaya. Akwai waɗanda suka ba mu shawarar hayar kuɗi, wato wani ya zuba maka miliyoyi na wata ɗaya ka biya shi lada. Baba ya ce bai iya ba. Ya yi daidai, domin wanda aka kama da yaudara a takardun biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara goma.

Sauran ƙananan abubuwa ma kowanne da haƙoransa. Tunda asusun Baba ne, sai da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da wasiƙar amincewarsa. Nan allura ta tono garma: a WAEC an rubuta sunansa Mohammed, a fasfona Muhammad, a banki Muhammed. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku. Sai da muka je kotu aka yi takardar rantsuwa. Duk Bahaushen da ke shirin fita, ya baje takardunsa a tabarma tun yau ya duba harafi da harafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu don hoton ƙirji na gwajin tarin fuka a asibitin IOM da ke Abuja, takardar wata shida take aiki. Kuɗin biza fam 363, kuɗin kiwon lafiya fam 470 na kowace shekara, kuma a dunƙule ake biyan na duk shekarun, nawa ya haura fam 2,000. Waɗannan alƙaluman duk sun tashi: kuɗin lafiya ya koma fam 776 tun Fabrairun 2024, biza ta haura fam 500, kuɗin zama ma an ƙara. A shafin gwamnatin Birtaniya ake duba na yau, ba a bakin wanda ya tafi bara ba.

Na sauka Manchester a tsakiyar Satumba da kuka da daddawa da yajin Hajiya. Kilishin da aka yo min daga Kano a gida na bar shi, ba a shiga da nama. Satin farko na rajista ne: katin makaranta, asusun banki, rajista da likitan unguwa, neman inda ake sayar da naman halal. Wannan duk mai sauƙi ne, cikin kwana goma an gama.

Darasin farko da na shiga a ɗakin kwamfuta aka yi shi. Malamar ta ce kowa ya zauna gaban na'ura. Kalmomi za su riƙa fitowa, kada ka karanta su, launin tawadar kawai za ka danna. Sai kalmar da ke nufin ja ta fito da koriyar tawada. Hannuna ya tafi wajen ja, na janye, na danna kore. Aka yi haka sau ɗari. Da aka gama, kwamfuta ta nuna cewa duk lokacin da kalma ta saɓa da launinta sai na yi jinkiri na wani ɗan yanki na daƙiƙa, haka kowa a ajin. Wani Ba'amurke, John Ridley Stroop, ya wallafa wannan gwaji a 1935. Abin da yake nunawa shi ne, wanda ya iya karatu ba ya iya hana kansa karantawa. Ƙwaƙwalwa ta riga ka, sai ka yi kokawa da ita. Na ɗaga hannu a karon farko na ce, to in kalmomin da Hausa aka rubuta fa? Malamar ta ce in gwada. Na rubuta ja, kore, shuɗi, rawaya a allo da alƙaluma masu launi daban. 'Yan ajin suka faɗi launukan tiryan-tiryan babu gargada. Ni kaɗai na yi ta tuntuɓe. Aka yi dariya, ita kuma ta ce to ga bincike nan kin yi, saura ki auna shi.

Aunawar ita ce lissafin. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, wannan fanni ya ɗauki kansa a matsayin kimiyya, kuma kimiyya ba ta yarda da "na ga alama". In ka ce yara masu kwana da yunwa sun fi mantuwa, za a ce yara nawa ka gwada, da wa ka kwatanta su, yaya ka san ba dace ba ne kawai? Kowace shekara akwai darasin dabarun bincike da ƙididdiga, kuma ba a tsallake shi. Na koyi manhajar ƙididdiga ta SPSS ina hawaye. Na koyi abin da ake nufi da 0.05, iyakar da aka saba sawa kafin a ce sakamako ya wuce a kira shi sa'a. Ga darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sunaye kamar na likitanci. Sigmund Freud da na ɗauka shi ne uban tafiyar, lacca ɗaya aka yi a kansa, rabinta suka ce. Babu ranar da aka koya mana kallon idon mutum mu faɗi abin da ke ransa. Babu mai iya wannan, duk wanda ya ce ya iya, boka ne.

Rubutuna na farko maki 52 na samu. Ni da na saba da na ɗaya. A ƙasa malamin ya rubuta cewa na kawo abin da masana suka faɗa daidai, amma ina nawa hukuncin? Na je ofishinsa, na tsaya a bakin ƙofa na kasa kiran sunansa gatsau kamar yadda kowa ke yi. Mutum sa'an Baba, da furfura. Na ce, yaya ɗalibar shekarar share fage za ta ce farfesa ya yi kuskure? Ya jawo wata takarda ya nuna min: a 2015 wata tawagar masana ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun fannin, waɗanda suka sake ba da sakamakon farko ba su kai 40 ba. Ya ce in ba mu koya muku tuhuma ba, me muka koya muku? Na fita ina tunanin makarantar allo da ta boko da na yi, inda ɗalibi nagari shi ne mai mayar da abin da aka ba shi ba ragi ba ƙari. A nan mayarwa kalma da kalma ba tare da ambaton mai ita ba sata ce, akwai manhajar da ke kamawa, kuma ana korar mutum a kanta.

A shekara ta biyu ne Hajiya ta shigo ajinmu, ba ta sani ba. Ana darasin shaƙuwar jariri da mai renonsa, aikin John Bowlby da Mary Ainsworth. Gwajin Ainsworth sananne ne: a sa uwa da ɗanta a ɗaki, baƙo ya shigo, uwar ta fita, ta dawo, a ga yadda yaron zai tarbe ta. Daga nan a ce shaƙuwarsa mai ƙarfi ce ko mai rauni. Ina saurare ina lissafa kaina. Ni 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Ba ta ɗauke ni a gaban mutane ba, ba ta yi min wasa a gaban surukanta ba. Anti nake ce mata har yau. Da za a sa mu a ɗakin nan da kyamara, ban san me za a rubuta a kanmu ba. Na faɗi haka a zaman tattaunawa, ajin ya yi tsit. Wata ta ce cikin tausayi, "Ayya, ta yi watsi da ke ke nan." Raina ya ɓaci. Na ce matar da ta sayar da sarƙarta ta saya min rigar sanyi ba ta yi watsi da ni ba. Kunya ce. Na yi ta neman kalmar Turanci da za ta ɗauki kunya, ban samu ba. Duk wadda na ɗauko sai ta fito da ma'anar abin kunya ko tsoro.

Malamar ba ta ce na yi daidai ko kuskure ba, ta aike ni laburare. Can na tarar ashe ita kanta Ainsworth a Uganda ta fara lura da iyaye mata da jariransu a shekarun 1950. Na kuma tarar da wani bincike na shekarun 1970 da Robert LeVine da abokan aikinsa suka yi a kan jariran Hausawa, inda suka ga yaro yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, amma ya fi jingina da wadda ta fi ɗaukarsa da kula da shi, ko ba ita ta haife shi ba. Wato Hajiya. Na zauna a laburare ina karanta gidanmu da Turanci. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun ja hankali cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba suke, amma a rubuta sakamakon a ce halin ɗan Adam ne. Tun kafin su, Farfesa Malik Badri na Sudan ya yi irin wannan ƙorafi a littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masana wannan fanni ke ciki, kuma shi ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya yi bayanin damuwa da tsoro da waswasi da hanyoyin magance su sama da shekara dubu da suka wuce. Babu ɗayan biyun nan a manhajarmu. Ni na nemo su, kuma rubutun da na yi a kan kunya shi ne na farko da ya haura maki 70.

Kada in sa a ɗauka komai daɗi ne. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗo cikin sa'o'in lacca, sai ka yi ta gudu tsakanin aji da ɗakin salla. Ka fita da duhu ka dawo da duhu, maƙwabcinka na ɗaki bai san sunanka ba. A hunturun farko na yi sati uku ba na son tashi daga gado, ina karanta alamomin ciwon damuwa don jarrabawa ina ganin kaina a ciki, amma na kasa zuwa ofishin masu ba da shawara da ke ƙasan benenmu, kyauta. Kunyar dai. Da na je, na ji sauƙi. A watan Fabrairun 2024 kuma fam ya doshi naira 2,000, kuɗin makarantar da Baba ya lissafa a miliyan tara ya koma kusan talatin. A shekarar an yi ɗaliban Najeriya da dama da aka rufe wa rajista a wasu jami'o'i saboda bashi, wasu har aka ce su bar ƙasar. Ni na tsira da rangwamen da jami'a ta yi min, da biya kashi-kashi, da Kawu. Biza ta yarda ka yi aikin awa 20 a sati lokacin karatu. Ina yi a gidan kula da tsofaffi. A fam 11.44 na awa da ake biya a 2024, yana biyan haya da abinci. Ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma duk wanda ya ce wa iyaye "in ya je zai riƙe kansa" bai faɗa musu gaskiya ba.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar da na yi wa Baba bayanin cewa in na gama ba likita zan zama ba. Likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, likitanci ya karanta. Mu ba ma rubuta magani. Kai, ko zama da majiyyaci a matsayin ƙwararre digirin farko bai ba ka wannan ba. A Birtaniya sunan ƙwararren asibiti a wannan fanni doka ce ke tsare shi, sai wanda hukumar HCPC ta yi wa rajista, bayan digirin dakta na shekara uku, wanda shi ma sai ka yi aiki ka tara gogewa kafin a ɗauke ka. Guraben kaɗan ne, hukumar lafiya ta NHS ce ke ɗaukar nauyin yawancinsu, kuma ɗan waje ba kasafai yake samu ba. Baba ya yi shiru a waya, sannan ya ce, "To shekara huɗun ta mece ce?" Na ce tushe ce, Baba. Ya ce, "Tushe mai tsada." Ban yi musu ba.

Da za a mayar da ni 2022, ga abin da zan yi. Zan nemi digirin farko a gida. Nsukka tana koyar da wannan fanni tun 1964, akwai shi a Jos da Ibadan da Legas da wasu wurare. In na gama sai in fita digiri na biyu, shekara ɗaya tak a Ingila, inda ake da tallafi irin su Chevening da Commonwealth, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin digirin farko. Kuɗin shekara ɗaya ba na huɗu ba ne. Ba nadama nake yi ba. Ɗakunan gwaji da laburaren da na samu, da malaman da suka tilasta min yin gardama, ba zan raina su ba. Amma filin Baba da shanun Kawu sun tafi ne a kan shawarar da muka yanke cikin haushin yajin aiki, ba mu san rabin abin da na rubuta a nan ba.

Aikin dai yana jira a gida. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majiyyaci mahaukaci. Tun a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa majiyyaci ya fi samun sauƙi in yana zaune cikin mutane tare da danginsa. Binciken shekarata ta ƙarshe a kan matan Hausawa masu jego da ke zaune a Ingila nake son yi, waɗanda suka haihu babu uwa babu kaka a kusa, babu mai dafa ruwan wanka. Takardar neman izinin kwamitin ɗa'a tana kan teburina, shafi goma sha ɗaya, na cike bakwai.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta zo da wannan magana, ku zaunar da ita ku tambaye ta aikin da take son yi a ƙarshe da shekarun da zai ci. Ku lissafa kuɗin duk shekarun, ba na farko kaɗai ba, sannan ku ninka shi biyu saboda naira. Ke kuma ƙanwata mai shirin cike fom, kafin a biya ko fam ɗaya, ki buɗe shafin BPS ki rubuta sunan kwas ɗin da na jami'ar ki gani da idonki. Kyauta ne, kuma bai fi minti biyar ba.